Kurakuran da ake tafkawa wajen zaɓen jami'a a Amurka, tsakanin kyan makaranta da takardar tallafi

Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu yawancin jami'o'in Amurka ke sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, sannan su ba ɗalibi zuwa 1 ga Mayu ya faɗi inda zai je, ya biya kuɗin kama gurbi. Abin da bai wuce wata guda da 'yan kwanaki ba. A ciki ne iyali za su yanke shawarar da za ta ci shekara huɗu daga rayuwar ɗansu ko 'yarsu, ta kuma ci dukiyar da wataƙila ba su taɓa kashe irinta a kan abu ɗaya ba. Ga murna ta cika gida, ga 'yan'uwa suna ta kira ana barka, ga hotunan dogayen gine-gine da korayen filaye a waya. A irin wannan lokaci ne lissafi ke ɓacewa mutum, kuma kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne duk shekara.

Wanda ya fi kowanne tsada shi ne duba babbar lambar da ke ƙasan takardar tallafi a ɗauka duk kyauta ce. Jami'o'i da dama suna haɗa abubuwa uku a ƙarƙashin suna ɗaya: kuɗin da aka yafe maka, bashin da aka yarda ka ci, da kuɗin aikin da za ka yi da hannunka. Na farkon ne kaɗai kyauta.

Bari mu buga misali. A ce jami'a ta farko kuɗinta na shekara, da karatu da ɗaki da abinci da sauransu, dala 82,000 ne, ta rubuto cewa ta ba ka tallafin dala 60,000. Ta biyu kuɗinta dala 38,000, ta ba ka 14,000 kacal, amma duk kyauta. Da ido, ta farko ta bar maka 22,000, ta biyu 24,000, ga shi kuma ta farkon ta fi suna. To amma buɗe 60,000 ɗin nan. Idan 45,000 ne kyauta, 5,500 bashin ɗalibi, 3,000 ladan aiki, 6,500 kuma bashin da ake so iyaye su ci, ainihin abin da zai fita daga gidanku 37,000 ne, wani yanzu, wani daga baya da kuɗin ruwa a kai. Bambancin dala 13,000 a shekara, 52,000 a shekara huɗu. Gyaran ba wuya: ɗauki takarda, rubuta jimillar kuɗin shekara na kowace jami'a, cire abin da ba za a taɓa ce ka dawo da shi ba, shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne farashin. Kowace jami'a da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya doka ta wajabta mata tun 2011 ta saka manhajar lissafin wannan farashi a shafinta, sai dai an gina ta ne da mazauna Amurka a zuciya, don haka ɗalibin waje kada ya dogara da ita.

Nan ma akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Fam ɗin FAFSA na neman tallafin gwamnatin tarayya, da kyautar gwamnati ta Pell wadda ƙololuwarta dala 7,395 ce a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, da bashin gwamnati, da shirin aikin ɗalibai na gwamnatin tarayya, duk na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da wasu rukunai kaɗan. Mai shigowa da bizar F-1, wato bizar ɗalibi, ba shi da rabo a ciki. Nasa tallafin daga aljihun jami'ar kanta yake fitowa, kuma galibi ta fam ɗin CSS Profile ko fam ɗin jami'ar ake nemansa. Jami'o'in jiha kuwa suna cajin ɗan waje farashin wanda ba ɗan jihar ba, wanda yakan ninka na ɗan jiha biyu ko fiye, tallafinsu ga baƙi kuma ɗan kaɗan ne. Shi ya sa jami'a mai zaman kanta da farashinta ke firgita mutum takan zama ta fi araha a ƙarshe. Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin suna cikin 'yan tsirarun da ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, suna kuma cike duk buƙatar da suka tantance. Princeton ta cire bashi daga tallafinta tun 2001. Kwalejin Berea da ke Kentucky ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibanta, kowa kuma yana aiki a makarantar. Shiga waɗannan wurare da wuya matuƙa, amma wanda ya soke su daga jerinsa saboda ganin farashi ya cuci kansa tun kafin a fara.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne masu ƙin neman tallafi a shekarar farko, wai don kada a ƙi ɗaukarsu, da nufin in sun shiga sai su nema. A jami'o'i da yawa ɗalibin waje da bai nema ba lokacin shiga ba zai sami damar nema ba har ya gama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi ƙarfin gidanku yadda yake tun daga farko.

Sai kuskuren lissafa shekara ɗaya a manta da sauran ukun. Kuɗin makaranta yana ƙaruwa kusan duk shekara, amma tallafin hazaƙa sau da yawa a tsaye yake: wanda aka ba 20,000 a aji ɗaya, 20,000 ɗin ne dai a aji huɗu, giɓin kuma yana ta faɗi. Akwai kyautar da ta shekarar farko ce kawai, ba a kuma rubuta hakan da manyan baƙaƙe ba. Akwai wadda aka ɗaure da sharaɗin maki, misali 3.0 ko 3.5 cikin 4.0, kuma riƙe 3.5 a fannin injiniya ga wanda bai gama sabawa da ƙasar ba aiki ne ja. Rubuta wa ofishin tallafi ka tambaya a fili: shekara nawa za a sabunta, da wane maki, in na gaza a zango ɗaya za a ba ni dama in farfaɗo ko nan take za a yanke, in kuɗin makaranta ya hau tallafin zai hau tare da shi? Ka kuma tambaya ko in ka samo wata kyauta daga waje za su rage tasu, domin wasu suna yin haka. Amsar ta zo a rubuce, ka adana ta.

Ƙananan kuɗaɗen da ba sa cikin hoto su ma suna taruwa. Inshorar lafiya da jami'a ke wajabtawa takan kai dubban daloli a shekara. Ga dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, da 185 na neman biza, ga jirgi, ga littattafai, ga kayan sanyi. Ɓangaren tallafin da ya wuce kuɗin karatu, wato na ɗaki da abinci, ana iya cire wa ɗalibin waje harajin kashi 14 cikin ɗari a kansa, sai in akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasarsa da Amurka. Kuma kada a ce aiki zai rufe ramin. Mai bizar F-1 sa'a 20 a mako aka yarje masa yayin karatu, a cikin harabar makaranta. Ko da ana biyansa dala 15 a sa'a, mako 30 na karatu 9,000 ne kafin haraji, in har ya sami aikin, in kuma karatun ya bar shi ya cika sa'o'in. Kuɗin sabulu da waya da littafi ne, ba na makaranta ba.

Mutane kan ɗauki takardar tallafi ta farko kamar hukuncin alƙali. Ana iya neman a sake dubawa. Idan mahaifi ya rasa aiki, ko rashin lafiya ya cinye ajiyar gida, ko kuɗin ƙasarku ya faɗi a gaban dala, ko wata jami'a takwararta ta ba da tayi mafi kyau, a rubuta wasiƙa gajera cikin ladabi, a haɗa takardun shaida, a faɗi adadin da ya rage a cike. Ba a janye gurbi don an tambaya. Wanda kuma ya san sai ya kwatanta tayi da tayi, ya yi hattara da tsarin neman gurbi na wuri da ake kira Early Decision, wanda ake rufewa a Nuwamba: alkawari ne cewa in an ɗauke ka za ka zo, ka janye sauran takardunka. Ana iya sakinka in tallafin bai isa ba, amma ka rasa damar jera takardu huɗu a tebur ka zaɓa.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Iyaye da yawa, da zarar lissafi ya nuna wadda ta fi araha, sai su ce magana ta ƙare, zancen yadda rayuwa take a makarantar kuma shagwaɓa ce ta yara. A nan na saba da su, da girmamawa. Rayuwar makaranta tana cikin lissafin kuɗin. Yaron da kaɗaici ya kwantar da shi a ɗaki makinsa zai faɗi, makin da ya faɗi zai tafi da tallafin, mai biza kuma dole ya riƙe cikakken nauyin darussa, aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin darasi) a zango, ko zamansa a ƙasar ya shiga matsala. In ya ce zai koma wata jami'a, ba duk darussan da ya ci za a karɓa ba, tallafin masu sauya makaranta kuma ya fi na sabbin shiga ƙaranci. Arahar da ta kai mutum ga barin karatu a aji biyu ita ce mafi tsada a cikin duka.

Su kuma ɗalibai nasu kuskuren shi ne auna rayuwar da abin da aka shirya don a nuna musu. Hotunan da jami'a ke yaɗawa na lokacin da ganye ke sauya launi ne ko na bazara. Ba za a nuna maka Boston a Disamba ba, inda rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ko Minnesota a Janairu, inda sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Ɗakin motsa jiki na zamani da katafaren filin wasa suna da kyan kallo, amma ba su ne za su riƙe ka ranar da ka faɗi jarrabawa ba. Abin tambaya shi ne rana ta yau da kullum. Ana ba da ɗakin kwana duk shekara huɗu, ko daga aji biyu za a ce ka nemi haya a gari, kuma nawa hayar take? A hutun hunturu na Disamba zuwa Janairu ana rufe ɗakunan da ɗakin cin abinci? Wannan kaɗai ya jefa baƙi da dama cikin halin ni-'yasu, domin abokai sun tafi gida, tikitin jirgi kuma ba ya sayuwa. Garin yana da bas, ko sai mai mota? Ajin farko mutum 20 ne ko 400, kuma farfesa ne ke koyarwa ko ɗaliban digiri na gaba? Shin zumuncin ɗalibai duk a kan shagalin dare da ƙungiyoyin nan masu sunayen haruffan Girka ya ginu, waɗanda shigarsu ma sai da kuɗi, ko wanda ba ya sha yana da wurin zuwa daren Asabar?

Batun ibada ma kada a ji nauyin tambayarsa. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSA tun 1963 aka kafa ta a Jami'ar Illinois, tana da rassa a makarantu masu yawa, amma wani reshen yana da limami da wurin Juma'a da abincin halal kullum, wani kuma suna ne kawai a shafi. Tambayi yadda ake yi da sahur da buɗe-baki in azumi ya faɗo cikin zango, tunda an riga an caje ka kuɗin abincin. Ɗalibi Kirista shi ma ya binciki cocin da zai iya zuwa ba tare da mota ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya haɗa ka da mutum biyu ko uku da ke aji uku, ban da jakadun da aka horar don tarbar baƙi. Ka tambaye su abin da suka so a ce an gaya musu kafin su zo, da kuma ko sun san wanda ya bar makarantar, da dalilinsa.

Akwai lambobi biyu da na fi yarda da su fiye da jerin gwanayen jami'o'i da mujallu ke fitarwa. Ta farko, kaso nawa na 'yan aji ɗaya ke dawowa aji biyu. Ta biyu, kaso nawa ke gamawa cikin shekara huɗu. A lura, adadin da aka fi tallatawa na masu gamawa cikin shekara shida ne, alhali tallafi galibi na zango takwas ne, shekara ta biyar daga aljihunka. Duka biyun ana samunsu kyauta a shafin College Navigator na gwamnatin Amurka, shafin College Scorecard kuma yana nuna bashin da ɗalibai ke fita da shi da albashin da suke samu bayan gamawa. Ga mai damuwa da tsaro, musamman iyayen 'ya mace, dokar Clery ta 1990 ta tilasta wa jami'o'i fitar da rahoton laifukan da aka aikata a harabarsu zuwa 1 ga Oktoban kowace shekara, yana nan a shafinsu ga duk mai son karantawa.

Tsarin da nake ba da shawara a bi shi ne kuɗi ya fara tacewa. Iyaye su zauna da yaro tun kafin sakamako ya fito, su faɗa masa adadin da za su iya fitarwa duk shekara har sau huɗu ba tare da an sayar da abin da gida ke tsaye a kai ba. Duk jami'ar da ta haura wannan bayan an nemi a sake duba tallafinta, a cire ta, komai sunanta, ko da za a yi kuka. A cikin waɗanda suka rage, in bambancin dala dubu ɗaya ko biyu ne a shekara, a bar yaron ya zaɓi inda ya ga zai iya zama, ya ci, ya yi ibada, ya sami wanda zai buga wa ƙofa in abu ya dame shi. Shi ne zai kwana a can cikin Fabrairu.