Yadda ake ƙalubalantar kafa fankokin lantarki a Ingila

Mazaunin Ingila da ya ji za a kafa manyan fankokin samar da lantarki ta iska kusa da garinsu, ya fara da gano wanda wuƙa da nama ke hannunsa. Sau da dama an sauya dokar, kuma kowane sauyi da rigimarsa.

Dokar tsara gine-gine ta 2008, a zamanin gwamnatin Labour, ta ɗauke hukunci kan manyan ayyuka daga hannun ministoci ta ba wata hukuma ta ƙasa. 'Yan Conservative da Liberal Democrat suka ce an yi wa zaɓaɓɓu ƙwace, tunda ba zaɓen mutanen wannan hukuma aka yi ba. Da suka hau mulki suka rushe ta da dokar 2011. A watan Yuni 2015 aka gindaya sharuɗɗan da suka kusan tsayar da kafa fankoki a doron ƙasa, har sai ranar 8 ga Yuli 2024 da ministar kuɗi ta lokacin, Rachel Reeves, ta sanar da janye su. A yanzu aikin da ya haura megawat 100 minista ne ke yanke hukuncinsa, wanda bai kai ba yana gaban ƙaramar hukuma. Don kwatance, tashar Lambar Rimi ta Katsina megawat 10 ce.

Idan takardar neman izinin kamfanin tana gaban ƙaramar hukuma, a shiga shafinta na intanet a nemo lambar takardar. Kwana 21 ake bayarwa don jin ra'ayin jama'a, ko 30 idan aikin na buƙatar rahoton tasiri ga muhalli. A sa lambar da adireshi a saman wasiƙa, a sani kuma jama'a za su iya karanta ta.

Yawancin masu adawa a rubutun suke faɗuwa. Jami'in tsare-tsare ba ya duba zafin rai. Abin da doka ta ce a auna shi yake aunawa. Cewa kuɗin gidanka zai faɗi, ko za a tare maka hangen tsauni daga taga, ba hujja ba ce. Ga waɗanda ake saurare: ƙarar fankokin, gilmawar inuwar fukafukai, ɓata kamannin yanki, tsuntsaye da jemagu, gine-ginen tarihi, na'urar hangen jiragen sama, da hanyar da manyan motoci za su bi da kaya.

Batun ƙara ya cancanci a zauna a kansa. Ma'aunin da ake bi, ETSU-R-97, ya ba da dama ƙarar ta ɗara ta muhallin da desibel 5 (ma'aunin ƙarfin sauti), ko ta kai 35 zuwa 40 da rana da 43 da dare, duk wanda ya fi yawa. Ke nan komai ya dogara ga inda kamfani ya ajiye na'urar awo tun farko. In kusa da rafi ko babban titi aka girke ta, ƙarar muhalli za ta fito da yawa, iyakar da za a ba kamfanin ma ta ƙaru. A buɗe rahoton a ga taswirar wuraren awon, a kwatanta da gidajen da suka fi shiru. Inuwa kuwa, galibi ana lissafa gidajen da nisansu bai wuce faɗin da'irar fukafukan sau 10 ba. A nemi sharaɗin kashe fankar a sa'o'in da inuwar ke faɗawa kan tagogi. Sharaɗi irin wannan ya fi sauƙin samu a kan soke aiki ɗungurungum.

Wasiƙa 200 masu kalmomi iri ɗaya ba su kai guda 10 da kowacce ta kama sashe na tsarin raya yankin da ƙaramar hukuma ta amince da shi ba, don da wannan tsarin doka ta ce a fara hukunci.

Sai a tuntuɓi kansilan mazaɓa a tambaya ko maganar za ta je gaban kwamitin kansiloli, domin jami'ai ne ke yanke mafi yawan takardu a ofis. Wannan ma fagen daga ne: masu adawa da sabbin gyare-gyaren gwamnati na cewa ana rage abin da ke isa gaban zaɓaɓɓu. Kada a matsa wa ɗan kwamiti ya yi alkawarin ƙuri'arsa, za a iya cewa ya yanke hukunci kafin ya saurara. A zaman kwamiti sau da yawa minti 3 ake ba mai magana, sai a zaɓi mutum ɗaya da hujja biyu.

Babban aiki hanyarsa daban. Hukumar Planning Inspectorate, mai bincikar irin waɗannan takardu, na da kwana 28 ta karɓi takarda ko ta mayar. Daga nan a yi rajista a matsayin mai ruwa da tsaki kafin wa'adi ya cika, wanda ya makara ba shi da tabbacin za a saurare shi. Bincike wata 6 ne, rahoto wata 3, minista wata 3. Ƙaramar hukuma a nan ba ita ke yanke hukunci ba, rahoton tasiri ga yankinta take miƙawa, don haka a kai mata hujjoji da wuri.

In ƙaramar hukuma ta hana izini, kamfani na iya ɗaukaka ƙara cikin wata 6. In an bayar, maƙwabta ba su da wannan dama. Abin da ya rage shi ne babbar kotu cikin mako 6, ita kuma ba ta duba kyau ko munin aikin, sai ko an bi doka. A shari'ar muhalli, abin da za a ɗora wa wanda ya sha kaye na kuɗin ɗaya ɓangaren yawanci ba ya wuce fam 5,000 ga mutum ɗaya, 10,000 ga ƙungiya, ban da kuɗin nasa lauyan.