Yadda Ake Tsirar da Dawa a Haɗa Kunun Zaƙi da Ita

Kunun zaƙi na asali yana samun zaƙinsa na farko ne daga hatsin da aka tsirar, tun kafin a kai ga zuba sukari. Idan ƙwayar dawa ko ta gero ta sha ruwa ta fara tsiro, takan samar da wani sinadari da masana ke kira amiles, wanda aikinsa shi ne ya farfasa sitacin da ke cikinta ya mayar da shi sukari domin ɗan tsiron ya sami abinci. Wasu masana biyu 'yan Faransa, Anselme Payen da Jean-François Persoz, su suka fara ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir a shekarar 1833, kuma da shi kamfanonin lemon malta da masu dafa giya suke aiki har yau. Mai dama kunu da shi take aiki ita ma, ko ta san sunansa ko ba ta sani ba.

Akwai abin lura kafin a fara. Da yawa daga cikin bayanan da ke yawo a wayoyi game da tsirar da hatsi, masu dafa giya a gida a Turai da Amurka ne suka rubuta su, kuma a kan sha'ir suka yi gwajinsu. Cikinsu akwai ilimi mai kyau, musamman kan tsabta da auna zafi, amma wanda ya ɗauke su yadda suke ya ɗora wa dawa zai sha mamaki. Sitacin sha'ir yakan nuna a wajajen digiri 60 na ma'aunin Selshiyas, daidai zafin da amiles ke son aiki, saboda haka su tukunya ɗaya suke yi su gama. Sitacin dawa kuwa sai zafi ya kai wajajen digiri 70 zuwa sama yake nuna, a inda sinadarin ya fara mutuwa. Kamfanonin Nijeriya sun ci karo da wannan matsala lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 suka koma amfani da dawa. Maganin da masu kunu suka daɗe da shi, wato raba ƙullu a dafa wani ɓangare a bar wani ɗanye, shi ne ainihin amsar matsalar.

Mataki na farko shi ne zaɓen dawa. A nemi wadda ba ta daɗe a rumbu ba, wadda ƙwari ba su huda ba, kuma ba a surfa ta ba, domin dawar da aka surfe ba ta tsira. Kada a kusanci irin shuka da aka gauraya da magani, komai kyawunsa. Wanda yake shakkar dawarsa, sai ya ƙirga ƙwaya 100 ya shimfiɗa su a cikin jiƙaƙƙen tsumma na kwana uku. Idan 90 ko fiye suka tsira dawar ta yi, idan kuwa rabi suka ƙi, waɗanda suka ƙi ɗin ruɓewa za su yi su ɓata sauran.

Daga nan sai a rege ta, a wanke, a kwashe duk abin da ya taso saman ruwa, sannan a jiƙa ta na tsawon awa 12 zuwa 24. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin ta cikin ruwa ɗaya har ya yi yauƙi da wari. Ƙwayar da za ta tsira tana da rai kuma tana buƙatar iska, don haka duk bayan awa shida zuwa takwas a tsiyaye ruwan, a bar ta a rariya kamar awa ɗaya, sannan a zuba sabon ruwa. A bazara ya fi kyau a yawaita sauyin.

Idan ta jiƙu sai a tsane ta, a baza a kan buhun algarara da aka wanke, kaurinta kada ya wuce yatsa uku, a rufe da wani jiƙaƙƙen buhun, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Safe da yamma a yayyafa ruwa, a juya da hannu domin zafi kada ya taru a tsakiya kuma saiwoyin kada su sarƙe. Yayyafi ake nufi, ba kwarara ba. Dawa takan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, gero ya fi ta sauri, kuma a lokacin hunturu duka biyun sukan yi nawa. Alamar ta kai ita ce ƙwayar ta yi laushin da za a iya murje ta da yatsa, an tauna an ji ɗan zaƙi, kuma ƙamshinta na ɗanyen tsiro ne. Idan aka ga fumfuna, kore ko baƙi ko ruwan ɗorawa, a zubar da ita baki ɗaya, domin wasu nau'in fumfunar hatsi suna haifar da gubar afalatoksin wadda ke lahanta hanta, kuma tafasawa ba ta kashe ta.

Shanya ita ce ta biyo baya. A baza a tabarma ko faifai a rana har kwana biyu ko uku, sai ƙwayar ta yi ƙaras idan aka ciza. Kada a soya ta ko a ɗora a kan wuta don sauri, zafin zai kashe sinadarin da aka sha wahalar samarwa. Bayan ta bushe akwai aikin da bai kamata a tsallake ba, wato a murje ta da tafin hannu, a sheƙe, a fitar da busassun saiwoyi da kan tsiron gaba ɗaya. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari mai sakin gubar sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, kuma wannan ne dalilin da makiyaya suke hana dabbobinsu cin gyauron dawa. Gubar a saiwa da kan tsiron ta fi taruwa, don haka cire su yana rage ta ƙwarai, yana kuma kawar da ɗaci. Bayanan da aka rubuta a kan sha'ir ba kasafai suke jaddada wannan ba. Tsiron da ya bushe sarai yakan yi makonni a cikin mazubi mai murfi.

Ranar dama kunu, a jiƙa gero ko dawar da ba a tsirar ba ta kwana, a wanke, a haɗa da citta da kanumfari da masoro, a kai inji a markaɗo da laushi. Shi kuma tsiron a markaɗa shi daban, gwargwadon kashi ɗaya cikin goma na yawan hatsin. Wannan awo mafari ne kawai, domin ƙarfin tsiro ya danganta da irin dawar da yadda ta tsira. Masu sa busasshen dankalin Hausa ba al'ada kawai suke bi ba, shi ma dankalin yana da irin wannan sinadari, kuma yana taimaka wa tsiron dawa wajen kawo zaƙi.

A raba ƙullun gida uku. Kashi biyu a dama su da ɗan ruwa a cikin babbar roba, a sheƙa musu tafasasshen ruwa ana juyawa da muciya har su yi kauri su canja launi. Idan ba su yi kauri ba, ruwan bai tafasa sosai ba ne, sai a mayar kan wuta a ƙarasa, domin sitacin da bai nuna ba amiles ba ya iya cinsa da sauri. Kashi na ukun a gauraya shi da markaɗaɗɗen tsiron a ajiye a gefe.

Nan ne kunu yake gyaruwa ko ya lalace. Idan aka zuba ɗanyen ƙullun a kan dafaffen yana tiriri, sinadarin zai mutu, a tashi da kunu mai kauri marar zaƙi. Idan kuma aka jira har ya huce sarai, aikin zai yi jinkiri, tsami ya riga zaƙi isowa. Abin da ake so shi ne bayan an haɗa su zafin ya tsaya tsakanin digiri 60 da 65, saboda haka mai ma'aunin zafi sai ya haɗa lokacin da dafaffen ya sauko wajajen 70, tunda ɗanyen zai ƙara saukar da shi. Wanda ba shi da ma'auni, ya riƙa juyawa har turirin ya ragu sosai alhali hannu bai iya daɗewa a jikin robar ba. A juya da kyau, a rufe, a lulluɓe da tsumma mai kauri. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya za a ga ya tsinke ya zama ruwa ba tare da an ƙara masa ruwa ba, kuma wannan tsinkewar ita ce shaidar tsiron yana da ƙarfi. A ganina duk wanda ya ci karo da wata sabuwar dabara, ko a waya ko a bakin maƙwabta, ya gwada ta a nan da kofi biyu na dafaffen ƙullu, ɗaya da dabarar ɗaya babu. Abin da zai gani a cikin awa ɗaya ya fi masa yawan masu yabon dabarar amfani.

Sai a bar shi a rufe awa shida zuwa takwas domin ya ɗauki tsami. Ƙwayoyin halitta irin masu mayar da madara kindirmo ne suke cin wani ɓangare na sukarin su fitar da tsamin, wanda kuma yake hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma yisti ma yana nan a jikin hatsi da mazubi, kuma shi barasa da iska yake fitarwa daga sukari. Burkutu da pito daga wannan tsiron dawar suke farawa, abin da ya raba su da kunu shi ne an ba yisti lokaci. Don haka a riƙa ɗanɗanawa, musamman a watannin zafi na Maris zuwa Mayu, lokacin da awa biyar ma kan isa. Kumfa mai tasowa da kanta, da tartsatsi a harshe, da wari mai hawa hanci, alamu ne cewa ya wuce.

Da tsamin ya yi daidai sai a tace da kyalle mai tsabta, a tsarma da ruwan da aka tafasa ya huce. Sukari a bar shi sai lokacin sha, domin zuba shi da wuri ciyar da yisti ne. Ba tare da firji ba kunun zaƙi bai cika wuce yini ɗaya da kyawunsa ba. Wanda yake son ya ƙara masa kwana, ya ɗora tataccen a wuta yana juyawa har ya kusa tafasa, ya sauke ya huce da sauri, ya zuba a gorunan da aka wanke da ruwan zafi, ya sa a firji. Zai ɗan ƙara kauri saboda ragowar ɗanyen sitaci, sai a sassauta shi da dafaffen ruwa. Gorar da ba a dafa kununta ba kada a ɗaure murfinta tam a bar ta a zafi, domin iskar da ke taruwa a ciki tana iya kumbura ta har ta fashe.