Kurakuran sabon edita a fitowa ta musamman kan tarihin kafofin yaɗa labarai

Na gaji da ganin malamai suna faɗawa rami ɗaya. Mujalla ta damƙa wa mutum shirya fitowa ta musamman kan tarihin jarida ko rediyo, ya yi ta shela, bayan shekara biyu ka tambaye shi inda aikin ya kwana, sai kame-kame.

Babban abin da ke kashe aikin shi ne alkawari. "Ranka ya daɗe, turo kawai, gurbinka na nan." Wa ya ba ka gurbin da za ka raba? An gayyato ka ne ka shirya fitowa ɗaya, mujallar ba taka ba ce, kuma babban edita ne ke yanke hukuncin ƙarshe. Kowace maƙala sai ta bi ta hannun masu tantancewa, galibi mutum biyu, waɗanda ba su san marubucin ba, shi ma bai san su ba. Na taɓa shan wahalar wannan. Abokin aikina ya yi wa wani babban farfesa irin wannan alkawari, masu tantancewa duka suka ce maƙalar maimaicin tsohon aikinsa ce. Farfesan ya fusata ya janye, ɗalibansa da suka turo nasu suka bi shi, muka wayi gari fitowar ba ta kai adadin da mujallar ke bugawa ba. Watanni muka yi muna ban baki da neman cike giɓi, zumuncin kuma har yau bai koma daidai ba.

Yanzu ma an fi sa ido. A 2023 kamfanin Clarivate ya cire mujallu 19 na maɗaba'ar Hindawi daga Web of Science, kundinsa na mujallun ilimi da aka tantance, kamfanin Wiley mai Hindawi kuma ya janye maƙalu fiye da 8,000 a shekarar, mafi yawansu daga fitowa ta musamman da aka cusa wa aikin bogi. Tun daga nan manyan editoci suke zargin duk baƙon editan da ya zo da jerin abokansa. Ni dai a takardar gayyata nake rubutawa ƙarara cewa gayyatar ta a turo ce, ba ta a buga ba. Idan ina da tawa maƙalar, babban edita nake miƙa wa, ba na ko tambayar wanda ya duba ta. Dokar DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, ma ta ce rubutun masu shirya fitowar kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin ya shafi fannin kansa: karɓar tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar da marubuci zai rubuta, don daɗin lafazinsa ba tare da tambayar hujja ba. Tarihin kafofin yaɗa labarai a kan abin da ya tsira yake tsayawa, kuma abin da ya tsira kaɗan ne. Shirye-shiryen rediyo na farko kai tsaye ake watsa yawancinsu, ba a naɗa ba. BBC da kanta ta goge kaset masu yawa na talabijin a shekarun 1960 da 1970 don a sake naɗa wani abu a kai. Mai binciken tarihinta sau da yawa takardun da ke taskarta ta Caversham a Ingila yake komawa. Jaridu kuwa za ka tarar da shekara guda cur ta ɓace daga kundi, ko hoton da aka ɗauka ya dushe ba ya karantuwa. Amma sai marubuci ya yi maka alkawarin nazarin ra'ayin masu sauraro na shekara talatin, kai kuma ka amsa da "madalla". Haba malam! Wasiƙun masu sauraron suna ina? Ya riƙe su da hannunsa? Ranar cikar wa'adi zai aiko maka da shafi ashirin na ra'i, babu ko jarida ɗaya a ciki. Al'adata ita ce in nemi sakin layi guda tare da tsakuren: wace taska, waɗanne shekaru, ka gani da idonka ko labari ka ji. Wanda ya kasa amsawa, sai wata fitowar. A nan kuma nake tambayar izinin hotuna, domin masu haƙƙin mallaka ba sa gaggawa, kuma a yawancin mujallu marubuci ne ke nemo izinin.

Sauran ƙanana ne. Kada kiran maƙalu ya taso daga Gutenberg, mai ƙirƙiro injin ɗab'i a Turai, ya dire a Facebook. Ɗauki yanki mai iyaka, misali jaridun harsunan Afirka tsakanin Iwe Irohin ta Yarbanci ta 1859 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939. Karɓi tsakure fiye da guraben da kake da su, don wasu za su zame. Nemi masu tantancewa tun kafin maƙalu su iso, domin masana fannin ba su da yawa, rabinsu ma suna cikin marubutanka. Kada wa'adi ya faɗo lokacin duba jarrabawa.

Gabatarwa kuma, don Allah a daina jera "maƙala ta ɗaya ta ce, ta biyu ta ce". Tsakuren kowa na nan, mai karatu zai gani. Faɗa mana tambayar da ta haɗa su da inda marubutan suka saɓa wa juna. Ni sai an kammala tantancewa nake rubuta ta, kuma nakan tambayi babban edita tun farko ko kalmominta na cikin adadin da aka ware wa fitowar.