Yadda Ake Fitar da Kwata a Unguwar da Aka Gina Ba Tsari

Idan birni ya yi saurin faɗaɗa, gidaje ne ke fara zuwa, hanya ta biyo baya, kwata kuwa sai an sha wuya ake tuna ta. Mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti da awon igiya, ya bar lungu mai faɗin mita biyu don kada ya yi asarar fegi ko ɗaya, masu saye su gina, sai damina ta zo ta nuna wa kowa inda ruwa yake bi tun kafin a kafa bulon farko. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma zuwa 2050 za su kai kashi 68, akasarin ƙarin a Afirka da Asiya. Babu hukumar da za ta cim ma wannan gudun lungu-lungu cikin ɗan lokaci, don haka ƙaramar kwata takan faɗo a wuyan mazauna.

Lissafin ruwan ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, idan aka yi ruwan milimita 50, zai zubo lita 5,000, wato durom 25 masu cin lita 200. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa mai yashi tana shanye mafi yawan wannan ruwan. Kwano da daɓen siminti kuwa kusan kashi 90 cikin 100 suke turowa waje, kuma nan take. Ruwan saman bai ƙaru ba, wurin shigarsa ne aka rufe.

Abin da aka saba gani shi ne kowa tasa ta fisshe shi: wannan ya gina kwata iya tsawon katangarsa, na kusa da shi ya yi tasa da wani zurfin, na gaba ya zuba ƙasa ya ɗaga ƙofarsa. Sakamakon shi ne jerin ramuka na siminti da ba su haɗu da juna ba, kowanne cike da baƙin ruwa. Sauro kuwa kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, domin kafin a gina, ko ba komai ƙasa tana shan wani abu.

Mafita tukuna

Ba a fara aikin kwata daga ƙofar gida. Ana farawa daga inda ruwan zai fita: babban lambatu na titi, ko rafi, ko kwari, ko kududdufi. Idan ba a samu mafita ba, kada a sayi ko buhu ɗaya na siminti. A fita lokacin da ake tafka ruwa, ko da an ɗauke, a bi ruwan da ƙafa har inda ya tsaya. A duba tabon da ambaliya ta bari a jikin katangu, a sa masa alamar fenti. A tambayi waɗanda suka fi daɗewa a wurin inda tsohuwar hanyar ruwa take, domin sau da yawa an yi gini a kanta.

Abu biyu ake dubawa a mafitar. Na farko, ƙasan kwatarku a wurin haɗuwa ya kasance sama da matakin da ruwan babban lambatu yake kaiwa idan ya cika; in ba haka ba ruwan titi ne zai juyo ya shigo muku. Na biyu, kada ku sauke ruwanku a kan unguwar da ke ƙasa da ku. Idan dole ta nan zai bi, da su za a yi shirin tun farko. A nan ne kuma ake zuwa hukumar da ke kula da tsarin birni, saboda haɗawa da babban lambatu ko fasa titi ba a yinsu ba izini.

Kududdufi, a ganinmu, shi ne abin da aka fi zalunta a unguwannin nan. Ana cike shi da shara a sayar da filin, alhali shi yake riƙe ruwan sa'a ɗaya ko biyu na farko har lambatu ya samu sarari. Wanda ya rage a kewaye shi saboda yara, a hana zuba shara, a yi masa bakin fitar ruwa idan ya cika.

Awon gangara da tiyo

Ido yana yaudara a filin da ya yi kusan shafe, kuma na'urar safiyo ba kullum ake samu ba. Farin tiyo mai nuna ruwa, tsawon mita 12 zuwa 15, da sanduna biyu masu tsawo ɗaya, da tef, sun wadatar. A cika tiyon da ruwa, a kaɗa shi har kumfar iska ta fita duka, don kumfa ɗaya tana iya ɓata awon da santimita da dama. A ɗaure kowane baki a jikin sanda, a jera sandunan wuri guda a tabbatar ruwan ya tsaya daidai a duka biyun. Daga nan a kafa turaku kowace mita 10, daga mafita zuwa sama. A ɗora sanda ɗaya a kan turke na farko, ɗayar a kan na biyu, a auna tsayin ruwa daga gindin kowace sanda. Bambancin shi ne bambancin tudun. A rubuta, a ci gaba, in an kai ƙarshe a sake aunowa a dawo. Idan jimillar tafiya da ta dawowa suka saɓa da fiye da santimita 2 ko 3, a maimaita.

Gangarar da ake nema ga ƙaramar kwatar siminti ita ce 1 cikin 200, wato ƙasan kwata ya sauka santimita 5 a kowace mita 10. Dalili shi ne gudun ruwa: idan ya gaza kimanin mita 0.6 a daƙiƙa, yashi yana kwanciya. Inda ƙasa ta yi shafe har wannan gangarar ba za ta samu ba, a yi ƙasan kwatar da ɗan kwarmi a tsakiya, don ruwan wanka da wanke-wanke na rani ya tattaru wuri guda ya yi gudu maimakon ya baje ya tsaya. Inda kuma gangara ta yi tsanani, kamar 1 cikin 20, a yi ta hawa-hawa kamar matakala, kowane mataki da daɓe mai kauri a inda ruwa ke faɗowa, in ba haka ba zai ci ƙarƙashin ginin.

Girman kwata

A auna dukan filin da ruwansa ke gangarowa cikin layin, har da na unguwar sama idan ta nan yake bi. Mafi yawan kwatocin da suka gaza, wannan ne aka manta. A mayar da filin hekta (mita 100 sau 100), a ninka da ƙarfin ruwan sama na milimita a sa'a, a ninka da kason da ƙasa ba ta sha, sannan a ninka da 2.78. Abin da ya fito lita ne a daƙiƙa. Misali hekta ɗaya, ruwa mai ƙarfin milimita 100 a sa'a, kaso 0.7: kimanin lita 195 a daƙiƙa. Ƙarfin ruwan sama na kowane yanki ana samunsa wurin masu hasashen yanayi ko injiniyoyin hanya. Kason kuwa a ɗauki na ranar da duk fulotan za su cika da gini, ba na yau ba.

Kwata mai faɗin santimita 50 da zurfin 50 a ciki, da shafe mai kyau, a gangarar 1 cikin 200, tana ɗaukar kusan lita 270 a daƙiƙa idan ruwa ya kai santimita 40. Santimita 10 ɗin da suka rage a sama rara ce, kada a cinye ta a lissafi. Amma yashi ya kwanta santimita 20 a cikinta, abin da za ta ɗauka ba zai kai rabi ba. Idan filin ya haura hekta biyu ko uku, aikin ya wuce na birkila, a nemi injiniya.

Gini

Daga mafita ake hawa sama, don ko an yi ruwa ana tsakiyar aiki ya samu hanya, kuma ko kuɗi sun ƙare abin da aka gina yana amfani. A haƙa faɗin kamar mita ɗaya, a daddale ƙasan, a ja igiya daga turke zuwa turke a matakin da aka lissafa. Daɓen ƙasa kankare ne mai kaurin santimita 10, faɗin 80, kwaɓin awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, duka da ma'auni guda. Mita 10 za ta ci kimanin buhu 5 masu kilo 50. Bango bulo ne mai inci 6, jeri biyu kowane gefe; idan bulon mai tsawon santimita 45 ne, mita 10 za ta ci kusan 90. A cike ramukan bulon da kankare, a yi shafen ciki da kwaɓin 1 da 4, a bar ƙananan kafofi a bango kowace mita 2 don ruwan da ke bayan bangon ya tsiyayo, in ba haka ba zai tura shi ya kwanta. A yi ta ban ruwa kwana 7. Simintin da ya bushe da wuri shi ne yake marmashewa a daminar farko.

Bakin kwata ya zauna daidai da hanya ko ƙasa da ita kaɗan. Birkiloli suna son ɗaga shi don ya yi kyau, sai ruwa ya riƙa gudu a gefen kwata ita kuma tana bushe. A lungu mai matsi, inda haƙa za ta matso harsashin gida, a yi mita 3, a gina, a mayar da ƙasa, sannan a ci gaba. Ramin da ya zarce mita 1.2 kuma a tokare gefensa da katako kafin lebura ya shiga.

Inda mota za ta hau, murfin kankare ne mai kaurin santimita 15 da rodi mai milimita 12. Kada a rufe kwata da zubi ɗaya dogo. A yi murafe gajeru waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Kwalbatin da zai tsallaka hanya kada bakinsa ya gaza santimita 60, ƙasa da haka leda da ɗan reshe sun isa su toshe shi, kuma ba a iya yashe shi. Gaban kowane kwalbati a yi rami mai zurfin santimita 30 ƙasa da kwata don yashi ya taru a inda shebur zai kai.

Masai, rijiya da bututun famfo

Kwatar ruwan sama ba ta bayan gida ba ce. Duk wanda ya haɗa masai da ita ya raba wa layi kwalara da taifot ranar da ta yi ambaliya. Haka bututun famfo da ake bi da shi ta cikin kwata: inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, idan aka ɗauke bututun yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin da ya tsage. A tsallakar da shi ta sama, cikin wani bututu mai kauri. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke bi ita ce mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma ƙasan ramin ya kasance mita 1.5 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A fulotan awon igiya mita 30 ba ta samuwa, don masan maƙwabci yana bayan katanga. Ruwan irin wannan rijiya na wanki ne. Na sha sai an tafasa ko an sa masa kulorin.

Kuɗi da yasa

Tsarin da ya fi shahara shi ne na Orangi a birnin Karachi na Pakistan, wanda Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980. Nasu bututun ƙazanta ne na ƙarƙashin ƙasa, amma rabon aikin ya dace da kwata: mutanen kowane layi su zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu, su tara kuɗi, su gina na layinsu da shawarar masana, babbar magudana kuma ta zama ta gwamnati. Layi ɗaya ya fi unguwa guda sauƙin haɗa kai, don kowa ya san wanda bai biya ba. Gardamar da za ta taso ita ce ta mutanen tudu, masu cewa su ruwa ba ya shiga gidajensu. Lissafin rufin nan shi ne amsarsu, kuma shi ya sa ya fi adalci a raba kuɗin bisa girman fuloti.

A yi yasa sau biyu aƙalla, kafin ruwan farko da kuma tsakiyar damina, a duba ramukan yashi bayan kowane babban ruwa. Masu yasa su sa takalmin roba da safar hannu saboda kwalba da ƙusa. Abin da aka fitar a bar shi ya tsane kwana ɗaya ko biyu, sannan a kwashe da baro. Idan aka jibge shi a bakin kwata, ruwa na gaba zai mayar da shi ciki, don haka a tanadi wurin zubarwa da mai kwashewa tun kafin a sa ranar yasa.