Nutso a Farasan: Ka Shiga Daga Gaɓa ko Ka Ɗauki Ja-gora?

Mazauna Jidda da Makka da ke zuwa hutu tsibiran Farasan da ke Bahar Maliya, ta jirgin ruwa daga Jazan, sukan yi wannan tambaya. Idan ba ka taɓa nutso a wurin ba, ranar farko ta ja-gora ce, ko da takardar shaidarka ta horon nutso a hannu. Takarda ba ta san inda ruwa ke ja ba. Ja-gora kuma ya san mashiga, ya san sharuɗɗan jami'an tsaron iyaka, waɗanda ke kula da gaɓar teku a Saudiyya.

In kun ga za ku iya da kanku, sai ku biyu. Ba a nutso mutum ɗaya.

Wahalar gaɓa tana wajen shiga da fita. A wurare da yawa na Bahar Maliya sai an taka shimfiɗar murjani, ruwa iya gwiwa, kafin a kai zurfi, ga tukunyar iska a baya. Ka sa takalmi mai kaurin ƙasa, domin akwai halittu masu ƙaya, akwai kuma kifin dutse mai dafi da ke kwanciya kamar tsakuwa. Ka riƙe filafilan ƙafa a hannu har ruwa ya kai ƙugu. Kafin ka nutse, waiwaya ka riƙe alamar mashigarka, bishiya ko gini, ka saita kamfas. Da yawa nan suke tafka kuskure: su taso nesa, igiyar ruwa ta riƙa buga su da murjani. Ku yi nutson da sassafe, iska kan taso da rana.

Ruwan nan ya fi yawancin tekuna gishiri, yana ɗaga mutum, don haka ka ƙara dalmar da ake ɗaurawa don nauyi, kilo ɗaya ko biyu, ka gwada a bakin ruwa.

Tukunya kan zo da iska bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne). Kasa ta uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Fara da fuskantar jan ruwa, don ya taimake ka a dawowa lokacin da ka gaji. Mai takardar matakin farko kada ya wuce mita 18. Wajen tasowa, a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, a saki balan-balan ɗin alama saboda kwale-kwalen masunta. Mai gaggawar tasowa, iskar naitirojin ce za ta yi kumfa a jininsa.

Kifin dutse ya soki wani? A tsoma ƙafar a ruwan zafi da fata za ta jure, wajen digiri 45, a garzaya asibiti. Kuma in ka yi nutso fiye da sau ɗaya, ka bari awa 18 ta wuce kafin ka hau jirgin sama daga Jazan.