Kurakuran da aka fi yi wajen kwafin fayil da canza masa suna a VS Code

Abu ne da kowa ke ganin ya iya, Ctrl+C sai Ctrl+V a gefen Explorer, wato inda editan VS Code ke jera fayilolinka, shikenan ka samu fayil biyu, amma wallahi na ga ayyuka da yawa sun lalace ta nan, musamman wajen masu koyo.

Na farko dai barin sunan da editan ya bayar. Idan ka kwafi index.html, VS Code zai sa masa index copy.html, ka sake ya zama index copy 2.html, kafin sati ya zagayo folda ta cika kai kanka ba ka san wanne ne na gaskiya ba. Kuma wannan tazarar da ke tsakiyar sunan matsala ce, a adireshin intanet tana komawa %20, a Python kuwa ba za ka iya import ɗin fayil mai tazara ta hanyar da aka saba ba. Da ka liƙa, danna F2 nan take ka ba shi suna, masu Mac kuma Enter. Idan aikinka na jerin lambobi ne ka shiga Settings ka nemo explorer.incrementalNaming ka mayar da shi daga simple zuwa smart, lokacin darasi-1.py zai zama darasi-2.py da kansa, wanda babu lamba kuma kamar index.html ya zama index.1.html.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne .env, fayil ɗin da ake ajiye bayanan sirri na aiki a ciki. Mutum zai kwafe shi wai don ajiya kafin ya taɓa, ya zama .env copy, alhali a cikin .gitignore, wato jerin fayilolin da Git (manhajar ajiye tarihin aiki) zai ƙyale, an rubuta .env ne kawai, to Git bai san shi ma wannan sabon ƙyale shi ya kamata ya yi ba, kana yin git add . ya kwashe shi, ka tura GitHub da kalmar sirrin database da makullan API ɗinka duka a fili. Don Allah ka rubuta .env* a .gitignore, kuma ka riƙa duba git status kafin kowane commit, wato ajiye canji a tarihin Git. In kuma har ya riga ya tafi, goge fayil ɗin bai wadatar ba domin yana nan a tarihin Git, sai ka canza makullan gaba ɗaya.

Sai canza suna a waje a manta da ciki. Editan sunan fayil kawai ya taɓa, abin da ke ciki yana nan yadda yake. A Java idan fayil ya koma Dalibi.java amma public class tana nan da tsohon suna, ba zai yi compile ba sam. A React kuma sai ka tarar da component biyu suna ɗaya, kana ta gyara ɗaya shafi bai canza ba kana zargin burauza. Ka ɗora kibiya kan sunan a cikin code ɗin ka danna F2, zai canza shi duk inda aka kira shi, ya fi ka bi layi layi da hannu.

Haka nan idan ka canza wa fayil na JavaScript ko TypeScript suna, VS Code yana tambaya ko ya gyara imports, mutane da yawa suna rufe akwatin ba su karanta ba. Ka amsa masa da eh, ko a Settings ka sa javascript.updateImportsOnFileMove.enabled ya zama always, na TypeScript kuma typescript.updateImportsOnFileMove.enabled. Amma fa sai a cikin editan ka yi canjin, in ka je ta foldar Windows ka canza ba zai gyara maka komai ba.

Akwai kuma na babban harafi da ƙarami. Windows yana ɗaukar Header.js da header.js abu ɗaya, Linux da yawancin sabobi ke kai bai yarda ba, shi ya sa aiki ke tafiya lafiya a kwamfutarka ka ɗora shi a sabar ya ce bai ga fayil ba. Git ma a Windows yakan ƙi lura da irin wannan canjin, sai ka yi git mv header.js Header.js sannan ka yi commit.