Yadda za ka sa harafin Amharik ya zauna daram a kwamfuta

A rubutun Habasha, wanda ake rubuta Amharik da Tigirinya da Gi'iz da shi, kowane harafi gaɓa ce guda, baƙi da wasalinsa a haɗe. Na fi son koya wa mutum wannan aiki da harafi ɗaya tak, ላ, wanda ake karantawa "la". Wanda ya iya shi ya iya sauran.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne kwamfuta ba ta ajiye zanen harafi, lamba take ajiyewa. Unicode, tsarin duniya da ke bai wa kowane harafi lambarsa, ya ware wa rubutun Habasha gurbi daga U+1200 zuwa U+137F tun 1999, kuma lambar ላ ita ce U+120B. Ana rubuta lambobin ne da lissafin goma sha shida, shi ya sa bayan 9 sai A, B, har zuwa F.

Tsarin nan yana burge ni ƙwarai, domin an bi jerin gargajiya ne. Kowane baƙi yana da layi mai gurbi takwas. Layin "l" ya fara daga ለ a 1208, sai ሉ 1209, ሊ 120A, ላ 120B, ሌ 120C, ል 120D, ሎ 120E, gurbi na takwas kuma ሏ ne. Ka ga ke nan, in ka san inda layi ya soma, ƙirge kawai za ka yi. Layin "m" ya soma da መ a 1218. Ƙara biyar, ka isa 121D, wato ም. Haɗa da ሰ mai lamba 1230, sai ka rubuta gaisuwar Habashawa, ሰላም ("selam"), da lambobi uku. Sai dai ka kula, a wasu layukan akwai gurabe da aka bari fayau, kamar 1249, don haka duba teburin Unicode kafin ka dogara da ƙirgenka.

Shigar da shi ba wuya. A Word, rubuta 120B ka danna Alt da X tare. A Linux, Ctrl da Shift da U, sannan lambar, sannan Enter. A shafin intanet, ላ ko ላ duk ɗaya ne. Mai dogon rubutu kuwa kada ya wahalar da kansa da lambobi, ya sa allon rubutun Amharik na Keyman a kwamfuta ko na Gboard a waya.

Idan ka ga ɗan akwati maimakon harafin, kada ka goge komai. Lambar tana nan lafiya lau, zubin haruffan (font) da kake amfani da shi ne ba shi da zanenta. Sauya zuwa Nyala ko Ebrima a Windows, ko ka sauko da Noto Sans Ethiopic ko Abyssinica SIL.

Matsalar da ta fi wannan ita ce ta ajiya. A UTF-8, tsarin da ake ajiye lambobin Unicode da shi a fayil, ላ bayit uku ne, wato ƙananan lambobi uku: E1, 88, 8B. Manhajar da ta buɗe fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252 za ta karanta su ɗai-ɗai, sai ka ga áˆ‹. Rufe shi ba tare da ka adana ba, ka sake buɗewa a matsayin UTF-8. In ka adana a gurɓace, gyaran ya ƙara nisa.

Abu ɗaya nake roƙo a guje masa: tsofaffin zubin haruffan da ke ɗora zanen Habasha a kan lambobin haruffan Latin. A ido suna da kyau, amma ba za a iya neman kalma a cikin rubutun ba, kuma da zarar an tura wa wanda ba shi da zubin, shirme zai gani. Gwajin mai sauƙi ne: sa alamar rubutu bayan harafin a Word ka danna Alt da X. In 120B ya fito, harafin na gaske ne. In lamba irin 0061 ta fito, sai an sake shigar da rubutun ko a juya shi zuwa Unicode.